Jinyar Baba ta yi tsawo: zan iya sayar da gonarsa?

Tambaya: Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, yanzu har tunaninsa ya fara rikicewa. Magani, kunzugun manya da ladan yaron da ke juya shi suna cin kusan jaka 80 ta sefa a wata, ni kaɗai ke biya. Yana da gida a unguwar Mokoyo cikin Maradi, gona a wajen Jiratawa da ɗan fansho na CNSS, asusun fanshon ma'aikata na Nijar. Ƴan ubana sun yi shiru. Ni ne babba, zan iya sayar da gonar?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka. Amma zama babban ɗa bai ba ka ikon sayar da ko taki ɗaya ba. Muddin yana raye gonar tasa ce, ba a gadon mai rai.

A fara duba hankalinsa. In akwai lokutan da yake gane mutane, yake fahimtar ciniki, ka samu likita ya rubuta hakan, sannan Baba ya ba ka takardar wakilci a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ko a tabbatar da sa hannunsa a ma'aikatar magajin gari. A rubuta dalla-dalla abin da aka wakilta ka: karɓar fansho, ba da hayar gida, ko sayar da gona kaza. Wakilcin karɓar fansho ba ya zama izinin ciniki. Kuma wakilci yana mutuwa ranar da mai shi ya rasu. Kuɗin da aka ciro bayan haka sai an mayar. In kuwa hankalin ya riga ya gushe, kada ka kama yatsansa ka dangwala a takarda. Irin wannan ciniki ne ƴan uba ke rushewa a kotu bayan shekaru, mai saye ya dawo kanka. Hanyar ita ce a yi taron dangi, a rubuta abin da aka tsayar, a kai wa alƙali tare da takardar likita, ya naɗa mai kula da dukiyar. Shi ma sai ya nemi izinin alƙali kafin ya sayar da gida ko gona.

A Nijar, kotu tana aiki da al'adar mutane a sha'anin iyali, gado, kyauta da wasiyya, kuma a Maradi hakan galibi yana nufin fiƙihun Malikiyya. A nan, jinyar uba daga dukiyarsa take fara fita. Sai ta gaza sannan ciyarwa ta hau kan ƴaƴa masu hali, maza da mata, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Don haka shirun ƴan ubanka ba ya sauke musu nauyi. Ka fara da sulhu a wurin mai unguwa ko fada, a rubuta takardar sulhun. In abin ya faskara, kotu.

A ganina sayarwa ita ce ta ƙarshe. Jaka 80 sau 12 jaka 960 ke nan a shekara, kuma irin wannan jinya ba a san ranar ƙarewarta ba. Kuɗin gona kan narke, a wayi gari babu gonar babu hatsin. Ka fara da fansho: ka tabbatar ana sabunta shaidar cewa yana raye a kan lokaci, don rashin ta kan sa a tsayar da biya. Sai hayar ɗakunan da babu kowa, sai ba da gonar haya ko jingina. Tun dokar karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye, COFO, daga ƙauye har gunduma, masu ba da takardar jingina, haya ko sayarwa. Jinginar baka da shaidu biyu tsofaffi, in suka rasu, mai riƙe da gonar sai ya ce saye ya yi.

Wani zai ba ka shawara a sa Baba ya yi maka kyautar gidan don ka yi jinyarsa. Yi hattara. Kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta hannu da hannu mai bayarwa yana da lafiya da hankali. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda.

Kuɗin da kake kashewa kuma, ka yanke tun yau: sadaka ce ko bashi? In bashi ne, ka faɗa a gaban dangi, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ka sayi littafi, kowace takardar kantin magani ka manna ta da kwanan wata, yaron da ke jinya ya riƙa sa hannu duk ƙarshen wata. Bashi ana fitar da shi kafin a raba gado, amma wanda babu shaidarsa da wuya alƙali ya karɓa.