Ƙararrawar Buchholz Ta Yi Kuka: A Saki Iskar Ko A Tsaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin lantarki a wata masana'anta a Ikeja. An sake wa taransifomarmu mai, bayan kwana biyu sai ƙararrawar Buchholz ta yi kuka. Ogana ya ce in buɗe famfon in saki iskar, a ci gaba da aiki. Haka ake yi? Kuma yaya na'ura ke gane ɓarnar da ke cikin tankin da ke rufe ruf?
Daga wani mai karatu, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa oganka ya canka daidai, domin bayan sauya mai iska takan maƙale a cikin tanki, ta riƙa fitowa a hankali. Amma canka ba aunawa ba ce.

Ƙararrawar nan daga rilen Buchholz take fitowa. Rile na'urar tsaro ce da ke kaɗa ƙararrawa ko ta sa a yanke wuta idan ta ga matsala. Wannan rile, wanda Bajamushe Max Buchholz ya ƙirƙiro a 1921, yana zaune ne a bututun da ya haɗa babban tanki da ƙaramin tankin mai na sama. Bututun a ɗan karkace yake zuwa sama don kumfa ya samu hanyar hawa. A cikin rilen akwai ƙwallaye biyu masu yawo a kan mai. Idan wata waya ta yi zafi fiye da kima, ko takardar da aka naɗe kwail (naɗaɗɗiyar wayar cikin taransifoma) da ita ta fara ƙonewa, mai da takardar sukan fitar da gas. Gas ɗin ya taru a saman rilen, ya danne man ƙasa, ƙwallon sama ya sauka, ƙararrawa ta tashi. Idan kuwa tartsatsi mai ƙarfi ne tsakanin kwail da kwail, ba a jiran taruwar gas: mai ne zai yi toroƙo ya bi bututun da gudu, ya bugi wani marfi da ke ƙasan rilen, bireka (babban makunnin wuta) ta yanke wuta nan take. Galibi ana saita wannan a gudun mai na wajen mita 1 cikin daƙiƙa.

To, kafin ka taɓa famfo, leƙa tagar gilashin rilen, ka rubuta yawan gas ɗin da launinsa. Fari-fari alamar takarda ce, rawaya katako, baƙi ko toka-toka kuwa man ne ya ƙone. Wanda ba launi ba wari, shi ne ake kyautata zaton iska ce. Ɗebi samfurinsa, ka ɗebi man a sirinjin gilashi, a kai ɗakin gwaji. Haidurojin da yawa na nuna ƙananan tartsatsi, kabon monoksaid takarda ce ke ci, asitilin kuwa sai zafi ya haura digiri 700 yake samuwa sosai. Idan aka gan shi, kada a mayar da wuta sai an bincika. Wanda ya saki gas ɗin a iska ya zubar da shaida. Kar ka manta da ma'aunin mai: yoyo ma yana sa ƙararrawar nan kuka.

Akwai kuma rilen bambanci, mai lamba 87T, wanda bai san mai ba, lissafi kawai yake yi. Na'urorin awo na CT suna auna wutar da ke shiga da wadda ke fita. A taransifoma mai 15MVA, 33kV zuwa 11kV, cikakken lodi wajen amfiya 262 ne a gefen sama, 787 a gefen ƙasa. Rilen ya daidaita su biyun; in lissafi bai rufe ba, wuta na zurarewa a ciki, sai ya yanke. Matsalarsa ita ce lokacin kunnawa, inda taransifoma kan zuƙi wuta ninkin-ba-ninkin ta gefe guda ba tare da wata ɓarna ba. Ana gane wannan da amon 100Hz (ninki biyu na bugun wutar da aka saba) da ke cakuɗe a ciki, a hana rilen yankewa idan amon ya kai wajen kashi 15 cikin 100 na ainihin wutar. Yankewar banza bayan gyara kuwa, sau da yawa wayar CT ce aka juya.

Ƙananan taransifomomin unguwa da kake gani a Agege ko Mile 12 yawancinsu ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, fis ne kawai ke tsaronsu.