Injina na mutuwa a tsakiyar ruwa, in sayi sabon famfon mai?

Tambaya: Salam. Ina ɗaukar fasinja da kaya a Yauri, injina Yamaha Enduro 40 ne. Kwana biyun nan in na bashi wuta sai ya ja kaɗan ya fara shaƙewa ya mutu, bakanike yace famfon mai ne in sayo sabo. In saya ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam kar ka zaro kuɗi tukunna, sau da yawa famfon nan sharri ake masa. Fara da tanki, ɗan nocin iskan da ke kan murfi in a ɗaure yake man bazai sauko ba, zakaga robar nan da ake matsawa a jikin tiyo ta shanye ta lotse. Duba kibiyar da ke jikinta, wajen inji ya kamata ta nuna ba wajen tanki ba. Sai ka bi tiyon da hannu ko ya tsage yana zuƙar iska, ka kwance filta ka juye man a farar kwalba, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa ka ganshi ƙuru-ƙuru, musamman in man 'yan bumburutu kake sha.

In duk lafiya lau toh ka samu yaro ya zauna kusa da tiyo, da inji ya fara shaƙewa ya dinga matsa robar. In ya farfaɗo ya ɗau wuta, yaron ne ke yiwa famfo aikinsa kenan, zargi ya koma kan famfon.

Shi famfon ba lantarki yake sha ba, wata siririyar roba ce a ciki, dayafiram, hawa da saukar fistin ke sa iskar cikin inji ta tura ta ta jawo ta ta wani ɗan rami a bayansa, da ƙananan bawul biyu masu hana mai komawa baya. Kashe inji, kwance kusoshin da suka riƙe famfon amma ka bar tiyoyin a jiki, matsa robar nan ta jikin tiyo har tayi tauri kana kallon ramin nan. In fetur ya tsiyayo ta nan dayafiram ta huje, kuma galibi zaka tarar fulogi ɗaya ya jiƙe yayi baƙi, hayaƙi yayi yawa, inji na rawa in yana silo. Don Allah banda sigari a wajen, kuma a bakin gaɓa ake wannan aikin ba bisa ruwa ba, ƙusa ɗaya ta faɗa kogi shikenan.

Ni dai in jikin famfon bai tsage ba bai lanƙwashe ba, kit ɗin gyara zan saya, roba da gaskit, yafi araha nesa ba kusa ba. Ɗauki hoton jerin kayan da waya kafin ka wargaza, don in ka juya gaskit ɗaya zaka kwana kana jan igiya. Tafi shago da tsohon a hannu, kuma orijinal a jikin famfonka na asali yafi min sabon famfo jabu mai sheƙi, robar jabu bata jimawa take sandarewa. In an canza har yanzu yana yi, a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iskar da fistin ke yi, a wanke kafireto, inji in ya gaji iskar da zata motsa famfon ma rauni take.

Tambaya: Daga Baga nake. Zan iya ɗaura wa irin wannan injin famfon lantarki irin na mota in huta?

Amsa: A'a ɗan'uwa. Injin igiya ne, sai ka nemo batir da wayoyi kusa da fetur a jirgin katako, ga famfon zai iya fin ƙarfin kafireto mai yayi ta ambaliya, kuma ko inji ya mutu shi bazai daina turowa ba sai an cire masa wuta. Sayi kit biyu, ɗaya ka ƙulle a leda ka ajiye cikin akwatin sifana.