Hukuncin tsallaka iyaka a kan keke ta ɓarauniyar hanya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu uku ne daga Kurna, muna shirin zuwa Damagaram a kan keke ta Kazaure da Daura, don buɗe ido da gaida 'yan uwa. Ɗayanmu ya ce tunda ba mota ba ce, kada mu tsaya a ƙofar Kongwalam, mu ratsa ta gonaki, wai iyakar ai Turawa suka shata ta, Musulunci bai san da ita ba. Ya halatta? Idan wani jami'i ya nemi na goro fa? Kuma za mu yi ƙasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi muku albarka da kuka tambaya kafin ku ɗaura kaya.

Tafiyar kanta halal ce. Allah Ta'ala ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, a suratul Ankabut, aya ta 20, ga kuma ladan zumunci a cikin taku. Keke abin hawa ne kamar jaki da raƙumi. Ku dai nemi yardar iyaye.

Maganar abokinku rabinta gaskiya ce. Ingila da Faransa ne suka raba Daura da Damagaram da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ba su kuma shawarci kowa ba. Amma yau ba Bature ke tsaye a ƙofar ba. Hukumomin ƙasashe biyu ne suka tsara cewa mai fita da mai shiga ya bi ta nan, don a san wa ya wuce kuma me ya ɗauko. Ƙa'idar malamai ita ce shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal idan akwai maslahar jama'a, kuma bin sa a nan wajibi ne, bisa aya ta 59 a suratun Nisa'i, matuƙar bai yi umarni da saɓon Allah ba. Nuna fasfo ba saɓo ba ne. Maslahar kuwa ba sai an yi dogon bayani ba ga wanda ya san ta inda makamai da miyagun ƙwayoyi ke shigowa Arewa. Ɓarauniyar hanyar da za ku bi da kekunanku ita ce hanyar masu fasa-ƙwauri, kuma jandarman da ya tare ku a daji ba shi da yadda zai bambance ku da su. Jefa kai cikin halaka haramun ne da nassin aya ta 195 a suratul Baƙara. Saboda haka ratsawa ta gonaki bai halatta ba.

Ku je da takardunku. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba biza, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma iyakar nan an sha rufe ta, a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023. Ku tambayi ofishin shige da fice a nan Kano abin da ake nema yanzu, kada ku dogara da labarin tasha. Katin rigakafin shawara ma kada ku raina shi, yana da asali a shari'a: Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da fita daga cikinsa. Ku riƙe rasit ɗin kekunanku, don ba su da lamba.

Na goro: hadisi ya inganta cewa an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Idan takardunku ba su cika ba kuka ba da kuɗi don a kawar da kai, kun shiga ciki tsundum, ko da an sa masa sunan goro. Idan kuwa komai ya cika aka riƙe ku da zalunci, kuka yi haƙuri, kuka nemi na gaba da shi, abin ya faskara, malamai da yawa sun yi sauƙi ga wanda ya biya don kuɓutar da haƙƙinsa, laifin na kan mai karɓa. Kada dai ku fara miƙawa tun ba a tambaye ku ba, don masu yin haka su ne suka ɓata hanyar. Kuɗin da hukuma ta ƙayyade kuma ake ba da rasit, wannan ba rashawa ba ne.

Sai ƙasaru, kuma nan ne ake yawan kuskure. A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru buridi huɗu ne, mil 48, wato kimanin kilomita 80, ba ruwansa da irin abin hawa ko da tsallaka iyaka. Daura kaɗai ta wuce haka. Za ku fara ne bayan kun bar gidajen Kano a baya, ba a ƙofar gida ba, ku mai da azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Damagaram, ku cika salla. Haɗa azahar da la'asar a kan hanya ya halatta, kuma mai tuƙa keke a zafin ranar Kazaure ya fi kowa buƙatarsa.

Shehu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya fitar da mutum biyu daga wannan sunna ta ƙasaru: mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa kawai. Ku ba 'yan wasa ba ne a ganina, tunda akwai zumunci da lura a niyyarku. Ko da kun bi shawarar abokinku, ƙasarunku ba zai ɓaci ba, domin malamai sun bambanta wanda asalin tafiyarsa saɓo ce, kamar ɗan fashi, da wanda ya yi saɓo a cikin tafiyar halal. Salla ta yi, zunubin ratsen na nan.

Zamanku uku ya yi daidai da hadisin da ya ce matafiya uku su ne ayari. Ku naɗa ɗaya shugaba, kada ku rabu, kada kuma ku yi tafiyar dare. Inda magariba ta same ku, ku nemi mai gari ku kwana.

Wallahu a'alam.