Wai da gaske ne ƙiba na taɓa ƙodar mai ciwon suga?

'Yar uwa, sannu, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya ce ta rage ƙiba saboda ƙoda, kina tambayar ina haɗinsu, to wallahi gaskiya ya faɗa. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan 1, suga ya riga yana lalata su a hankali, sai ƙiba ta zo ta ƙara musu aiki su dinga tace jini fiye da ƙima, ga hawan jini da take jawowa, ga shi insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ya aiki yadda ya kamata, a haka har matatan su fara yoyo furotin ya dinga fita a fitsari. Abin tsoron shi ne ba ya ciwo da wuri, sai an ga fitsari na kumfa ko ƙafa ta kumbura. Don Allah duk shekara a yi mata gwajin albumin (wato furotin ɗin nan) na fitsari da na kiriyatinin a jini, mai nuna yadda ƙoda ke aiki. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta ta rage zai taimaka sosai. Kuma kar ta sha magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac sai likita ya yarda.