Tambayoyin Masu Karatu: Me Kiristoci Ke Nufi da Allah Ɗaya Cikin Uku?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, mun daɗe muna maƙwabtakar shago da wani Kirista mutumin Wusasa. Ya ce mini Allah ɗaya suke bauta wa, amma ina yawan jin yana ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da na nemi bayani, sai ya ba ni misalin ruwa da ƙanƙara da tururi. Shin abin da suka yi imani da shi ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Zan faɗa maka abin da manyan ɗarikunsu, wato Katolika da Otodoks da mafi yawan Furotesta, suke koyarwa, kamar yadda su da kansu suke bayyana shi.

Maƙwabcinka bai ɓoye maka komai ba da ya ce Allah ɗaya ne, domin a Littafi Mai Tsarki, cikin Kubawar Shari'a 6:4, an shaida wa Isra'ilawa cewa Ubangiji ɗaya ne, kuma a Markus 12:29 Yesu ya maimaita wannan a matsayin umarni mafi girma. Abin da suka ƙara a kai shi ne, wannan Allah ɗaya, mai zati ɗaya, tun fil azal Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowannensu Allah ne cikakke, ba kashi ɗaya cikin uku ba, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Maryamu ba ta cikin ukun nan, kuma ba sa nufin haihuwa irin ta miji da mata idan suka ce Ɗa, sai dai dangantaka madawwamiya wadda ba ta da mafari.

Kalmar Triniti, wato sunan da suke kiran wannan koyarwa ta Allah ɗaya cikin uku, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Tartuliyan, mutumin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, shi ne aka sani da fara amfani da ita a harshen Latin a farkon ƙarni na uku, domin ya tattara ma'anar wurare irin su Matiyu 28:19, inda aka yi umarni a yi baftisma da sunan ukun. Da wani limamin Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗa halitta ne, kuma akwai lokacin da babu shi, sai rigima ta tashi har Kustantin, Sarkin Rum, ya tara bishop-bishop, wato shugabannin ikilisiya, a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. A nan aka yanke cewa Ɗa haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Taron Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, na shekara ta 381 ya tabbatar da matsayin Ruhu Mai Tsarki.

Game da misalin ruwa kuwa, a ganina maƙwabcinka ya so sauƙaƙa maka ne, sai ya zame. Ruwa abu ɗaya ne da ke sauya kama, yau ƙanƙara gobe tururi, wannan kuwa ya yi kusa da koyarwar wani malami mai suna Sabaliyus, cewa Uba da Ɗa da Ruhu sauyin kama ne kawai, wadda ikilisiya ta ƙi tun ƙarni na uku. Hujjarsu ita ce labarin baftismar Yesu a Kogin Urdun, inda Ɗa yake cikin ruwa, Ruhu yana sauka kamar kurciya, muryar Uba kuma tana fitowa daga sama, duk a lokaci guda. Da sauyin kama ne kawai, in ji su, da addu'ar Yesu ga Uba ba ta da ma'ana.

Harshenmu ma yana da nasa cikas, domin idan aka ce "mutum uku" nan take Bahaushe zai hango mutane uku a zaune, alhali ba haka suke nufi ba. Sunan Allah da kake ji a bakin maƙwabcinka kuwa ba aro ya yi jiya ba: shi ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa na shekara ta 1932, wanda Likita Mila, Bature ɗan mishan da ya zauna a birnin Zariya kafin mishan ta koma Wusasa, ya yi babban aiki wajen fassara shi. Ka kuma sani cewa Shaidun Jehobah, waɗanda za ka iya haɗuwa da su a Sabon Gari, ba su yarda da Triniti ba sam.