Me ya sa zaren gwajinmu ba ya yin gaɓoɓi sai a wani nauyi kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Sakkwato. Mun ɗaura zare a na'urar karkarwa mai aiki da lantarki, muka ɗora shi a kan ƙaramin wili, muka rataya nauyi a ƙarshensa. Wani lokaci zaren yakan rabu gaɓa-gaɓa ya tsaya cak, amma da mun sauya nauyin sai komai ya watse. Laifin na'urar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma abin da ka gani shi ne ainihin darasin da gwajin yake koyarwa. Wannan shi ne gwajin Franz Melde, masanin fiziks ɗan ƙasar Jamus, wanda ya yi shi a jami'ar Marburg a wajajen shekarar 1860.

Na'urar tana tura taguwa, wato motsi irin na igiyar ruwa, ta bi zaren har wurin wili, daga nan ta dawo baya ta haɗu da sababbin da ke tahowa. A wasu wurare masu zuwa da masu dawowa suna soke juna, sai zaren ya zauna shiru, waɗannan su ne ƙulle-ƙullen. A tsakaninsu kuwa suna taimakon juna, sai zaren ya yi kumburi, ya fito kamar gaɓoɓin rake. Tsawon kowace gaɓa rabin zangon taguwa ne daidai, zango kuwa shi ne tsawon cikakkiyar taguwa ɗaya. Tun da ƙarshen zaren biyu dole su kasance kusan a tsaye, siffar ba ta zama sai in tsawon zaren ya ɗauki gaɓoɓi cikakku, ɗaya ko biyu ko uku, ba biyu da rabi ba. Nauyin da ka rataya shi ke tsara gudun taguwa, gudun kuma shi ke tsara tsawon zango, shi ya sa sauya nauyi ke rusa siffar.

Ina so ka yi wannan lissafi a allo kafin ɗalibai su taɓa zaren. A ce mita 2 na zarenku sun auna giram 1, wato kilogiram 0.0005 a kowace mita, kuma kun rataya giram 200, wanda ke jan zaren da ƙarfin niyuton 2 kusan. Idan aka raba 2 da 0.0005 za a sami 4000, gudun taguwa kuwa shi ne lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 4000, wato kusan mita 63 a daƙiƙa. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, don haka in na'urar tana bin ta ɗaya bayan ɗaya, zango zai zama 63 a raba da 50, wato mita 1.26, kowace gaɓa santimita 63. Zare mai tsawon mita 1.26 zai ba ku gaɓa biyu. Ku mayar da nauyin giram 50, wato rubu'in na farko, gudun zai ragu da rabi, gaɓoɓi su zama huɗu. A giram 150 kuwa ba za ku ga komai tsayayye ba sai kun matsa da na'urar gaba ko baya sannu a hankali, kuma a ganina wannan matsawar ta fi sauya nauyi sauƙi ga ɗalibi.

Wajen awo, kada a fara daga bakin na'urar, domin wurin yana motsi kaɗan, ba ƙulli ne na gaskiya ba. A auna daga ƙulli na gaba zuwa na ƙarshe, sannan a raba da yawan gaɓoɓin da ke tsakani. A sa baƙin ƙyalle a bayan farin zare don ƙulle-ƙullen su fito sarai, a kashe fanka duk da zafin Sakkwato, a rufe tagogi lokacin iskar hunturu. Idan da janareta kuke aiki, kada ku ɗauka karkarwar 50 ce cif, gara ku lissafo ta daga awonku.

Ɗalibanka sun riga sun san wannan ƙa'ida da kunnensu. Mai goge idan ya danne tsirkiya da yatsa yana gajarta ɓangaren da ke karkarwa ne, sai sautin ya ƙara kaifi, haka nan in ya ƙara ɗaure ta. Ka sa su kwatanta wannan da abin da suka auna, su faɗi da bakinsu wanne ne ya sauya, tsawo ko ƙarfin ja.