Nas a ofishin lauya: karatun fayil ne aikin, ba farautar likitoci ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce, a gida Najeriya na yi karatu, shekarata bakwai ke nan ina aiki a sashen masu matsanancin ciwo a wani asibiti a Houston. Aikin dare ya fara cin ƙarfina. Na ji ana cewa lauyoyi na ɗaukar nas-nas su taya su a shari'ar sakacin asibiti. Mene ne ainihin aikin? Kuma ba cin amanar abokan aiki ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ya fi damunki. Yawancin fayilolin da suka biyo ta hannuna, amsar da na ba lauya ita ce: babu shari'a a nan. Mara lafiya ya rasu, iyali na kuka, amma da na bi takardun sai na tarar an yi duk abin da ya kamata a yi. Mummunan sakamako daban, sakaci daban. Nas ɗin da ta iya rarrabe su ta fid da likitoci da nas-nas da yawa daga ƙarar da ba su cancanta ba, ko da yake ba za su taɓa sanin sunanta ba. Sannan ba masu ƙara kaɗai ke ɗaukarmu ba. Lauyoyin asibiti da kamfanonin inshora ma suna nema.

Kafin kotu a Amurka ta yarda an yi sakaci, sai an tabbatar da abu huɗu: cewa nauyin kula da mara lafiyar ya rataya a wuyan wanda ake ƙara, cewa ya kauce wa abin da ma'aikaci mai hankali irinsa zai yi a wannan hali, cewa kaucewar ce ta jawo cutar, kuma cutar ta auku har ana iya ƙiyasta diyyarta. Na ukun nan ne ke kayar da ƙararraki. Ana iya ba da magani a makare da awa biyu, kuskure ne ƙarara, amma in ciwon da ma ya riga ya ci mutumin, lauya ba shi da abin riƙewa.

Lauya ya san doka, bai san fayil ba. Za a turo miki shafi dubu biyu ko uku a hargitse: bayanan likita, takardar ba da magani, sakamakon gwaji, jadawalin awon jini da bugun zuciya. Aikinki ki jera su bisa lokaci, awa bayan awa, ki nuna inda aka yi tsalle da abin da ya ɓace. Na taɓa duba fayil ɗin wani dattijo da aka yi wa tiyatar ciki. Ƙarfe biyun dare bugun zuciyarsa ya haura, jininsa na sauka, ga layi ɗaya a rubuce: an sanar da likita, 2:15. Lauya ya karanta ya wuce. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don babu umarnin likita ko ɗaya da ya biyo baya, ko ƙarin ruwa. Duk wadda ta yi aikin dare ta san ba a kiran likita kan irin wannan a ajiye waya hannu rabbana. Na ce a nemo bayanan bayan fage na kwamfutar, waɗanda ke nuna wa ya buɗe fayil, yaushe, me ya ƙara. Ashe da asuba aka shigar da layin, bayan an garzaya da dattijon ɗakin tiyata a karo na biyu. Ba digirin lauya ne ya gano wannan ba, shekarun tsayuwa a bakin gado ne.

A Texas inda kike, wannan tantancewa tana da muhimmanci. Tun 2003 doka ta ƙayyade diyyar raɗaɗi da ɓacin rai da za a karɓa daga likitoci a dala 250,000. Wa'adin shigar da ƙara galibi shekara biyu ne, kuma cikin kwana 120 bayan wanda ake ƙara ya mayar da amsa dole a kawo rahoton ƙwararre, in ba haka ba a kori ƙarar. Lauyan mai ƙara kuma sai ya ci shari'a yake samun kasonsa, kuɗin bincike daga aljihunsa suke fita. Shi ya sa ya gwammace ya biya nas ta gaya masa gaskiya tun da wuri.

Ki san iyakarki. Ba kya ba da shawarar doka. A Texas, likita ne kaɗai zai ba da shaida kan abin da ya haddasa cutar ko mutuwar. Ke sai kan aikin jinya. Kuma akwai bambanci tsakanin mai aiki a bayan fage, wadda galibi bayananta ke zama sirrin lauya, da mai shaida a ƙarƙashin rantsuwa, wadda lauyan ɗaya ɓangaren zai tsefe tarihin aikinta da duk abin da ta rubuta. Ni ban ba wa sabuwar shiga shawarar fara da na biyun ba.

Batun takarda kuwa, lasisinki na nas shi ne jari. Doka ba ta wajabta wata shaida ta daban ba. Ƙungiyar masu wannan aiki, AALNC, an kafa ta a 1989, kuma jarrabawar LNCC, ta samun takardar shaidar ƙwarewa a wannan aiki, na buƙatar shekara biyar ta aikin jinya da awa 2,000 a wannan fanni, ke nan sai kin fara aikin za ki zauna mata. Ki yi hattara da kwasa-kwasan da ke karɓar dubban daloli suna alƙawarin lauyoyi za su yi layi a ƙofarki. Ba sa yi. Kada ki ajiye aikin asibiti tukuna: ki rage dare, ki karɓi fayil ɗaya ko biyu a gefe, kuma kada ki taɓa wanda ya shafi asibitin da kike aiki ko wani da kika sani.